Na je gidan abincin Asiya sau uku, ga abin da na ci da abin da ba zan sake oda ba

Sai da na je wurin nan sau uku kafin na yarda na zauna na rubuta komai a kansa, saboda a zuwan farko da na rubuta da yabo kawai zan zuba, a zuwa na biyu kuma da na rubuta da na zalunce su. Irin gidajen abincin nan ne da suke haɗa girkin ƙasashen Asiya da yawa a kicin ɗaya, ka ga na Tailan ga na Japan ga na Koriya ga na Biyetnam da Indonesiya duk a takarda ɗaya, ba wurin ƙawa ba ne da sai ka ci ado, wurin da za ka shiga da kayan da ka wuni da su ka ja kujera ka zauna ne. Ni da matata muka fara zuwa, na biyu muka tafi da ƙanwata, na uku ni kaɗai na je da rana don in ga yadda suke in babu cunkoso.

Kana tura ƙofa ƙamshi ne zai fara tarbarka tun kafin ma'aikaci, tafarnuwa da citta a cikin mai mai zafi da wani ƙauri-ƙauri mai daɗi. Teburan dogaye ne na katako da benci, wasu kuma ƙanana na mutum biyu a jikin bango, kuma kicin ɗin a buɗe yake kana zaune kana ganin masu girki. Hayaniya kam akwai, musamman da daddare, ƙarar ludayi a jikin kasko da kiɗan da suka saka da surutun mutane, in hira mai nauyi ce ta kawo ku to ku nemi teburin can ƙurya. Mu a ranar farko kusa da kicin aka ajiye mu kuma wallahi ban yi da-na-sani ba, don kallon da na yi a wurin shi ya fahimtar da ni gidan gaba ɗaya.

Akwai wani kuku da ke tsaye a kan kaskon nan mai zurfi da suke kira wok. Wutar da ke ƙarƙashinsa ba irin ta gida ba ce, gurnani take yi, kuma da gwiwarsa yake taɓa wani ƙarfe yana ƙara ta yana rage ta saboda hannayensa duka biyu suna aiki, hagu na riƙe da kasko dama na riƙe da ludayi. Ya zuba mai ya juya shi ya zagaye kaskon, ya fasa ƙwai, kafin ka ƙifta ido ya watsa shinkafa ya fara cilla ta sama tana dawowa, harshen wuta na lasar gefen kaskon, duk abin bai fi minti biyu zuwa uku ba ya juye a faranti ya watsa ruwa ya goge da wata tsintsiyar gora ya ɗora na gaba. Mutanen Kanton da ke kudancin Sin suna da suna ga ɗanɗanon da wannan wutar ke bayarwa, suna ce masa wok hei, wato numfashin kasko, kuma ba ya samuwa sai wuta ta yi ƙarfi sosai abincin kuma bai cika kaskon ba, don in aka cika shi sai ruwa ya fito ya koma dahuwa maimakon suya. Duk abin da na ci a gidan nan da ya bi ta hannun mutumin nan ya yi daɗi. Abin da bai bi ta hannunsa ba kuwa sai dai addu'a, wani ya yi wani bai yi ba.

Takardar abincin ta yi yawa, wannan shi ne ƙorafina na farko. Shafi bayan shafi, kuma in ka tsaya ka yi tunani nahiyar da ke ɗauke da sama da rabin mutanen duniya ake son a dunƙule a kicin ɗaya, alhali mai dafa ramen, wato taliyar da ake ci a cikin romo, a Japan yakan shafe shekaru yana koyon romo ɗaya tal. Ba zai yiwu kicin ɗaya ya iya komai ba. Ba na ganin laifin tsarin, don yana da amfaninsa, mutum huɗu za su zo kowa da abin da ransa ke so kuma kowa ya samu, sai dai wanda ya zo dole ya san inda ƙarfin gidan yake in ba haka ba ya fita yana cewa abincin Asiya ba daɗi alhali zaɓinsa ne bai dace ba.

Nasi goreng na fara ci, soyayyiyar shinkafar Indonesiya, sunan ma ma'anarsa ke nan a yarensu, shinkafa soyayya. Ta zo launin ƙasa-ƙasa mai duhu saboda kecap manis, wani ruwan waken suya ne mai kauri mai zaƙi da ake haɗawa da sukarin bishiyar kwakwa ko makamancinsa, da soyayyen ƙwai a sama wanda gefensa ya yi ƙus-ƙus amma gwaiduwar na nan ruwa-ruwa, da yankan kokwamba da tumatir, da waɗannan fararen abubuwan masu garas-garas da ake yi da garin rogo da jatan lande. Shinkafar warwar take, kowace ƙwaya daban, babu mai kwance a ƙasan faranti, kuma dalili shi ne da shinkafar da ta kwana ta sha iska ake yi, sabuwar dahuwa caɓewa take a kasko. Na fasa gwaiduwar ta gangara cikin shinkafar na juya, na ɗan taɓa yajin sambal da suka sa a gefe, kai, loma uku na yi ban ce wa matata uffan ba sai ita ce ta ce min “Malam lafiya dai?” na ce ɗanɗana kawai. Akwai wani ɗanɗano a ƙasa-ƙasa mai ɗan ƙarni mai daɗi wanda na tambaya aka ce min terasi ne, jatan lande da aka tsima aka daka, kaɗan ake sawa amma in babu shi shinkafar lami take zama.

Ita kuma pad thai ta yi oda. A nan ne nake gane gidan da ya san abin da yake yi, domin wurare da yawa tumatirin kwalba suke zubawa ta fito jawur da zaƙi kamar alewa, alhali asalinta da tsamiya ake yi da ruwan kifin da suke kira nam pla da sukari, launinta ma ba ja ba ne. Ta nan da tsamiya aka yi, kana ci kana jin tsami da gishiri da zaƙi suna ja-in-ja babu wanda ya danne wani, taliyar shinkafa ce mai faɗi ba ta dahu ta yi laɓo-laɓo ba, ga dakakkiyar gyaɗa a gefe da tsiron wake ɗanye da yankan lemun tsami da za ka matsa da kanka. Abin da ya ba ni mamaki da na karanta tarihinta shi ne ba wani tsohon abinci ba ne can can, a zamanin firaminista Plaek Phibunsongkhram aka yaɗa ta, mutumin da a mulkinsa aka sauya wa ƙasar suna daga Siam zuwa Tailan a 1939, gwamnatinsa ta riƙa ƙarfafa mutane su ci taliya su kuma sayar da ita, yau ga shi ita ce abin da duniya ta fi sanin Tailan da shi. Matata ta ce zaƙin ya ɗan fi mata yawa, sai ma'aikaciyar ta kawo mata wani ɗan tire mai ƙananan kwanuka huɗu, busasshen barkono, ruwan kifi, barkono a cikin ruwan tsami, da sukari, ta ce haka ake yi a can kowa ya gyara farantinsa yadda bakinsa ke so. Wannan ya burge ni sosai, don wasu wuraren in ka nemi ƙarin wani abu sai a kalle ka kamar ka zagi mai girki.

To bari in zo kan abin da ya fi min komai muhimmanci, wanda ma shi ya sa na koma. Duk mai kiyaye abin da yake ci, ko don addini ko don rashin lafiya, to a irin wannan gidan dole ya buɗe baki ya yi tambaya, kunya ba ta da wuri. Matsalar ba a naman da kake gani a faranti take ba, a romo da miya da ruwan haɗi take ɓuya. Ramen ɗin da ake kira tonkotsu da ƙashin alade ake dafa romonsa sa'o'i masu yawa har ya yi fari kamar madara, yankan naman da ake ɗorawa a kai mai suna chashu shi ma yawanci alade ne, gyoza da sauran ƙullin fulawar nan na Sin da Japan galibi da niƙaƙƙen naman alade ake cika su ko da an rubuta jatan lande a gaba wani lokacin an gauraya. Sai kuma mirin, ruwan shinkafa ne mai zaƙi da Japanawa ke sawa a girki, na ainihin yana da giya a ciki kusan kashi 14 cikin ɗari, yana shiga miyar teriyaki da ruwan da ake tsoma dafaffen ƙwan ramen, girkin Sin kuma akwai giyar shinkafar Shaoxing da ake yayyafawa a kasko. Mai matsalar gyaɗa ko jatan lande ko alkama shi ma haka, ruwan waken suya na yau da kullum da alkama ake haɗa shi, mutane da yawa ba su san haka ba, kuma abin da aka rubuta na ganye ne zalla yana iya zuwa da ruwan kifi a ciki.

Na yi wa yarinyar da ke kula da teburinmu waɗannan tambayoyin ɗaya bayan ɗaya ina jiran in ga ta ƙosa. Ba ta ƙosa ba. Abin da ta sani ta faɗa, da na tambaye ta ƙwan ramen sai ta ce ba za ta amsa da ka ba bari ta tambayo, ta je wurin babban kuku ta dawo da kwalbar a hannunta ta juya min bayanta na karanta da idona, ta ce akwai mirin a ruwan ƙwan da kuma miyar teriyaki, in ina so a yi min ramen da romon kaza a sa min dafaffen ƙwai zalla, ta kuma faɗa min da bakinta cewa man da suke soya gyoza a ciki shi ake soya wasu abubuwan don haka in na damu in bar ɓangaren soye-soyen cikin mai gaba ɗaya. Wannan maganar ta rage musu ciniki a teburinmu, don da na yi niyyar oda biyu daga wurin, amma ta faɗa. Ni a wurina wannan gaskiyar ta fi duk wani ado da za a yi wa faranti, kuma a zuwana na uku wani ma'aikacin daban na samu na sake tambaya da gangan, amsa iri ɗaya ya ba ni, ka ga ke nan koya musu aka yi ba halin mutum ɗaya ba ne.

Zuwa na biyu ne abubuwa suka ɗan karkace. Daren ƙarshen mako ne wurin ya cika maƙil, muka tsaya a bakin ƙofa kusan minti ashirin da biyar, aka ce tebur na nan tafe, wasu da suka zo bayanmu su biyu aka shigar da su saboda ƙaramin tebur ya samu, wannan na fahimta, amma babu wanda ya zo ya yi mana bayani sai da na je na tambaya. Da muka zauna kuma tsarin gidan shi ne duk abin da ya nuna a kawo shi, ba a jira a haɗa na tebur gaba ɗaya, to sai ga abincin ƙanwata ya zo, na matata ya biyo baya, nawa shiru, ita kuma ƙanwata ta ƙi taɓa nata ta ce “Yaya ai ba zan fara ci kai kana zaune ba”, na ce ki ci zai huce, ta ƙi, haka muka zauna taliyarta na sanƙarewa a gabanta har kusan minti goma sha biyar. Ya kamata a faɗa wa mutane wannan tsarin tun lokacin oda, kuma tazarar bai kamata ta kai haka ba.

Ramen ɗin da na jira kuwa bai biya jiran ba. Romon kazar ruwa-ruwa ne, gishiri a gaba babu komai a bayansa, romon kirki in ka kurɓa yakan ɗan manne maka a leɓe saboda ƙashin da ya daɗe a wuta, wannan kuwa kamar an yi sauri an sauke. Taliyar ta wuce dahuwa, alamar ta zauna a cikin romon a kan kanta tana jiran mai ɗauka. Taliyar ramen ta musamman ce, da wani ruwan kanwa da suke kira kansui ake kwaɓa ta shi ke ba ta launin ɗorawa da wannan ɗan taurin da ke sa ta yi tsalle a haƙori, in ta jiƙe ta saki to an rasa abin da ya sa ake cin ta. Mutane da yawa ramen ɗin leda kawai suka sani, wanda Momofuku Ando na kamfanin Nissin ya ƙirƙiro a 1958, kuma abin ya dame ni a ce wanda ya zo don ya ɗanɗani na gaske karo na farko wannan zai samu ya tafi yana tunanin ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne ko kusa. Na bar fiye da rabi a kwano, ma'aikacin ya lura ya tambaye ni, na gaya masa gaskiya, ya ba da haƙuri ya ce zai kai maganar kicin.

Sushi ma, wato 'yan curin shinkafar Japan da ake haɗawa da kifi, ba zan ba da shawararsa a nan ba. Kifin ba shi da matsala, babu wari, amma shinkafar ta yi sanyi ƙalau ta yi tauri, alamar daga firji aka ciro, alhali shinkafar sushi da ɗan ɗuminta ake so, a haɗa ta da ruwan tsami da sukari da gishiri ta riƙe kanta amma ta watse a baki. Koren abin nan mai hawa hanci da suka sa a gefe kuma ba wasabi na ainihi ba ne, wannan ba laifinsu kaɗai ba ne kusan ko'ina haka ake yi, wata saiwa ce mai yaji da ake sa wa kala, don shukar wasabi na da wuyar nomawa. Matata ta ci biyu ta ture farantin.

Abin da ya ceci daren shi ne tom yum da bibimbap. Miyar tom yum ta zo tana tururi, ruwa-ruwa ce mai tsami da yaji da jatan lande da naman kaza na tsiro a ciki, ƙamshinta daga abubuwa uku yake, ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami, da galangal wanda ɗan uwan citta ne amma ƙamshinsa daban, da ganyen wani irin lemun tsami, kuma waɗannan ukun ba cinye su ake ba, don ƙamshi kawai aka sa su, sai ka ture gefe. Ƙanwata ta tauni guntun galangal ɗin ta yamutsa fuska kafin a gaya mata, don haka na rubuta shi a nan kar wani ya faɗa. Kurɓa ɗaya hanci ya buɗe gumi ya tsatso a goshi. A ƙarshen 2024 hukumar UNESCO ta sa wannan miyar ta jatan lande cikin jerin al'adun da ake adanawa na duniya, kuma in ka sha wadda aka yi da kyau za ka gane dalili. Yajin gidan kuma su ba wasa suke ba, suna tambayarka mataki, ni na tsakiya na ce kuma ya ishe ni, wanda bai saba ba ya fara daga ƙasa don ana iya ƙarawa amma ba a iya cirewa. Abin sha'awa barkonon da girkin Tailan da Koriya ke taƙama da shi ba ɗan asalin Asiya ba ne, daga nahiyar Amurka ya fito, 'yan kasuwar Fotugal suka yaɗa shi ta teku tun ƙarni na 16, kafin nan da masoro da citta suke samun zafin abinci.

Bibimbap ɗin a cikin kwanon dutse ya zo yana ƙara cuu, an ɗora shi kan katako an ce kar a taɓa. Shinkafa a ƙasa, a sama an jera alayyafo da karas da tsiron wake da naman sa da ƙwai kowanne a gefensa, da jan yajin Koriya mai kauri da ake kira gochujang. Ƙanwata za ta fara tsintar kayan saman ɗaya-ɗaya sai ma'aikacin ya ce mata a'a, ki bar shi minti ɗaya tukuna sannan ki zuba yajin ki gauraya duka, sunan ma ma'anarsa gaurayayyiyar shinkafa. Da ta kai cokali ƙasa sai ga ƙanzo ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras da man riɗi, ta ɗago min guntu ta ce “Yaya wallahi wannan ƙanzon ya fi naman daɗi”, na karɓa na ci, gaskiyarta ne. Kimchin da suka haɗo da shi, wato kabejin da aka tsima da barkono da tafarnuwa, ya yi tsami daidai kuma bai yi laushi ba, sai dai ɗan mitsitsi suke bayarwa.

Maganar tsinkayen cin abinci, kar ta hana kowa zuwa. Akwai cokali da cokali mai yatsu a kowane tebur ba sai ka roƙa ba. Ƙanwata ta so ta koya, ma'aikacin ya tsaya ya nuna mata, na ƙasa a kwantar da shi kar ya motsa na sama kawai ake motsawa kamar riƙon biro, ta gwada ta ɗauki yankan kokwamba ta yi murna kamar me. Su kansu mutanen Tailan yawancin abincinsu da cokali suke ci suna tura abincin da mai yatsu, sai taliya ce suke ɗaukar tsinke, Koriyawa ma da cokali suke cin shinkafa. Abu ɗaya da aka ce a kiyaye shi ne kar a soka tsinkayen a tsaye a cikin shinkafa, don a Japan da Sin yana kama da abin da ake yi wa mamaci.

Zuwana na uku da rana ya nuna min gidan a natse. Mutane kaɗan, kiɗan ƙasa-ƙasa, abinci ya zo cikin minti goma. Na ci massaman, miyar kwakwa ce ta Tailan mai dankali da gyaɗa da naman sa, da kirfa da kanumfari da sauran kayan ƙamshin da ba a cika gani a sauran miyoyinsu ba, saboda ta hanyar Musulmin 'yan kasuwa ta shiga ƙasar, ana ma danganta sunan da kalmar Musulmi. Naman ya yi luƙus cokali kawai ke raba shi, man kwakwar ya taso sama ja-ja, yaji kaɗan ne, wannan ita zan ba wa duk wanda ke tsoron barkono ko wanda ya zo da yara. Na haɗa da tsiren kazar satay guda huɗu da miyar gyaɗa, sun gasu da kyau sai dai biyu sun ɗan bushe a baki-baki.

A ranar na samu damar tambayar kukun ko suna sa farin magi, ya ce eh suna sawa kaɗan a wasu abubuwan kuma in mutum ba ya so a faɗa tun farko. Ban ga abin ɓoyewa a ciki ba ni ma. Wani masanin kimiyya na Japan Kikunae Ikeda ne ya gano sinadarin a 1908 daga wani ganyen teku da suke dafa romo da shi, ya sa wa ɗanɗanon suna umami, kuma sinadarin nan yana cikin tumatir da cuku da ruwan waken suya da ruwan kifi tun asali. Abin da ya fi dacewa mutum ya lura da shi a irin wannan abincin gishiri ne, don ruwan waken suya da ruwan kifi duk gishiri ne mai yawa, mai hawan jini ya ce a rage masa kuma kar ya shanye romon taliya har ƙasa. Ni duk zuwan da na yi sai na kwana ina shan ruwa.

Kayan zaƙi ba su da yawa, guda ɗaya ne ya tsaya min a rai, shinkafa mai danƙo da aka jiƙa da madarar kwakwa mai ɗan gishiri-gishiri da yankan mangwaro a gefe. Ranar farko mangwaron ya nuna sosai abin ya haɗu, ranar ta uku ma'aikacin da kansa ya ce min in haƙura yau mangwaron bai nuna ba. Shayin madarar nan mai ƙwallayen rogo a ƙasa da aka faro a Taiwan a shekarun 1980 shi ƙanwata ta sha, ta ce ya yi, ni na kurɓa na ji sukari ya yi yawa, amma ana iya cewa a rage rabi. Shayin jasmin mai zafi ya fi min, yana wanke maiƙo daga baki kuma suna ƙara ruwan zafi a butar in ka nema.

Tsafta babu laifi, na leƙa bayan gida sau biyu akwai sabulu da ruwa, ana goge tebur da zarar an tashi, sai dai ƙasan wajen kicin na ɗan santsi da daddare, a kula da yara da tsofaffi. Bencin nan marasa majingina kuma ba za su yi wa mai ciwon baya ba, a nemi kujerun jikin bango. Farantin nasu manya ne, mu uku abin da muka yi oda ya ishe mu har da ragi aka zuba mana a roba muka tafi da shi, don haka kar a biye wa yunwar ido, gara a yi oda kaɗan a sa a tsakiya kowa ya ɗiba sannan a ƙara. A duba takardar biya kafin a biya, ranar cunkoson an sa mana abin sha ɗaya da ba mu sha ba, na nuna aka cire nan take aka ba da haƙuri.

Akwai wata taliya mai faɗi da na ga kukun nan yana soyawa da naman sa da ganye ranar da na je ni kaɗai, gefenta har ya ɗan ƙone ya yi baƙi-baƙi ƙamshin ya cika wurin, na tambaya aka ce pad see ew ce, an kai wa wani dattijo a teburin kusa da ni ya sunkuya bai ɗago ba sai da ya share farantin. Na riga na ƙoshi a lokacin. Matata ta ce sati mai zuwa mu je da wuri kafin mutane su taru, kuma ta riga ta ce teburin kusa da kicin take so.